Rijiyar da Mushe Mumuni Ya Gadar wa Garin Attahiru

Duk Tasawa, in ana lissafa mutanen kirki za a ambaci Mushe Mumuni (mushe dai malam ke nan a bakin masu Faransanci), in kuma ana lissafa matsorata shi ɗin dai za a fara ambata, kuma shi da kansa ba zai yi musu ba. Malamin lissafi ne a lise, wato babbar sakandare, dogo, siriri, mai bin gefen hanya ko da babu kowa a tsakiyarta. In mota ta tsaya a ƙofar gidansa sai ya leƙa ta kafar ƙyaure kafin ya amsa sallama. Ɗalibai sun daɗe da gano lagonsa. In suna son a tashi da wuri sai ɗaya ya ce ya hango jandarma a tsakar makaranta, shi ke nan malam ya ajiye alli ya sallame su. Shaƙiyanci ne irin na yara, ba su san inda abin ya samo asali ba.

An haife shi a wani garin gona kusa da Hawandawaki. Garin gona dai shi ne 'yan gidajen nan da ke ɓallewa daga babban gari idan gonaki suka yi wa mutane kaɗan, su je su sari daji su zauna. Amma ɓallewar ta jiki ce kawai. Mai garinsu yana can uwar gari, can suke sallar idi, can suke neman aure, can ake raba musu faɗa. Ka tambayi ɗan garin gona ko shi ɗan ina ne, sunan uwar gari zai faɗa maka, ko da rabonsa da kwana a cikinta tun yana goye. Garin su Mumuni kuwa manne yake da uwarsa, in an yi kiran salla can suna ji. Ba su taɓa haƙa rijiya ba. 'Yan mata ke zuwa uwar gari da tulu su ɗebo, su dawo tun rana ba ta yi zafi ba.

Farin shekarar tamanin da huɗu ya same shi yana ɗan lakwal, wato makarantar boko, lokacin soja ke riƙe da ƙasa. Mahaifinsa, Na Allah, mutum ne mai murya, in yana magana a gona ana jinsa a gida. Wata ranar kasuwa ya faɗa a gaban jama'a cewa dawar taimakon da ake ta faɗa a rediyo, shi ko tsaba bai gani ba. Bai zagi kowa ba, abin da ya gani ya faɗa. Ba a daɗe ba wata mota ta tsaya a ƙofar gidansu, masu kaki suka sauko. Mumuni yana tsaye riƙe da butar alwalar babansa, kuma yana nan riƙe da ita har ƙarar motar ta ɓace. Sai bayan damina Na Allah ya dawo. Bai taɓa gaya wa kowa inda aka kai shi ba, kuma daga nan har rasuwarsa, ko akuya zai kora sai ya yi ƙasa da murya. Abin da yaron ya ɗauka daga nan guda ne: magana ce ke kawo mota ƙofar gida.

Shi ya sa ya kama lissafi hannu bibbiyu, don ba a kama mutum a kansa. A jami'ar Yamai wani malaminsu ya koya musu wani harshen kwamfuta da ake kira Scheme, harshe mai baka-baka, kowane layi a buɗe da baka a rufe da baka, shafi guda sai ka ce garken shanu ka hango ta ƙahoni. Abokansa suka tsane shi, Mumuni kuwa ya samu wurin hutawa. A wannan harshe komai aiki ne: ka miƙa wa aiki abu, ya miƙo maka amsa, shi ke nan. Ba ya taɓa abin da ba ka ba shi ba, ba ya riƙe kowa a rai, in ka yi masa tambayar jiya amsar jiya zai ba ka. Mutumin da ya tashi yana jiran abu ya faɗo masa ta baya, ina zai ga irin wannan ya bari? Ya dawo Tasawa da koyarwa, ya auri Zara'u, mace mai baki da zuciya, wadda 'yan unguwa ke cewa Allah ne ya haɗa ta da shi don gidan ya samu mai amsa sallama. Ya sayi tsohuwar kwamfuta a Maraɗi, in ya taso daga aji yana zaune gabanta yana jera baka, ba don kowa ya sa shi ba.

Ana haka har shekarar da soja suka sake karɓar mulki, ta dubu biyu da goma. Daminar da ta wuce ta ci amanar mutane, bazara kuma ta zo da wuta. Rijiyoyin arewa suka shiga ƙafewa. Aka kafa kwamitin ruwa a Tasawa, aka ɗora masa wani kapiten baƙo, gajere, mai jan ido, ba ya dariya kuma ba ya maimaita magana. Motocin siterni masu tankin ruwa da ke hannunsa yatsun hannu ɗaya sun ishe ka ƙirga su, garuruwa kuwa ba iyaka, kowane mai gari yana kira yana rantsuwa nasa ya fi ƙishi. Wani ya gaya wa kapiten akwai malamin da ya iya kwamfuta. Ranar da soja ya zo lise kiransa, Mumuni ya ba wa Zara'u saƙon inda ya ajiye takardun gida. Da aka gaya masa aiki ne za a ba shi, sai ya rasa ko murna zai yi ko kuka.

Aikin shi ne kowace safiya ya fitar da takardar hanya, wato wane gari kowace mota za ta nufa. Nan harshen nasa ya gaza masa. Gari ba tambayar lissafi ba ne. Rijiyar da ke da ruwa yau gobe laka ce, kuma dole na'ura ta tuna da haka. To shi Scheme da ya koya ba ya zuwa da irin wannan tsari a shirye, sai dai yana barin mai shi ya gina abin da ya rasa. Mumuni ya zauna ya gina. Ya yi wa kowane gari abin da littattafai ke kira obje, shi kuwa yana kiransa gida: aiki ne mai ciki, yana ɓoye kayansa, yana amsa tambaya. Ka ce masa ruwa, ya gaya maka halin rijiya. Ka ce masa nisa, ya gaya maka. Ka aika masa cewa rijiya ta ƙafe, ya ajiye a ransa har sai an aiko da wani labari.

Rubuta gida ɗaya da hannu kan ci shafi guda, garuruwa kuwa sun fi ƙarfin yatsunsa. Sai ya ƙera makro, wato umarni mai rubuta wasu umarni. Shi ya rubuta layi ɗaya, sunan gari da 'yan bayanansa, makro ya warware layin ya mayar da shi cikakken gida, kamar yadda ake warware rawani. Da ya zo kan garuruwan gona sai daɗi ya kama shi, don ya tarar abin da littattafai ke kira gado tsakanin obje da obje shi ne rayuwar da ya tashi a ciki. Ya yi musu makro nasu daban: ka rubuta sunan garin gona, ka rubuta sunan uwarsa, shi ke nan. Duk tambayar da aka yi wa 'ya ba ta da amsa, ta miƙa wa uwa. Waye mai gari? A tambayi uwa. Wace kwamin, wato ƙaramar hukuma? A tambayi uwa. Wace lamba za a kira? A tambayi uwa. Da wani baƙo daga wata ƙasa ne ya yi aikin, da ya tsaya ya tambayi kowane ɗigo a taswira daban, don bai san komai ba. Mumuni ya sani, kuma sanin ne ya hana shi tambaya. A ransa garin gona da uwarsa tulu ɗaya suke sha.

Abin ya yi kyau ƙwarai. Kafin hantsi takarda ta fito, kapiten ya sa hannu, motoci sun tashi. Da manya suka zo daga Maraɗi, kapiten ya tsaya gaban kwamfutar ya ce a ƙarƙashinsa babu garin da aka manta, aka kuma sa maganar a rediyo. Mumuni ya ji kansa ya ɗan yi girma, amma bai daɗe ba. A makon nan wani direba ya karkata da mota zuwa garin surukansa, kapiten ya sa aka tsayar da shi a rana tsakar biro, wato ofishin kwamitin, ba hula ba takalmi, har ya faɗi. Sannan ya leƙo ɗakin Mumuni ya ce duk sunan da ya shiga takarda ba bisa ƙa'ida ba, mai shigar da shi ya san sauran. Tun daga ranar Mumuni ba ya karyawa kafin ya fito, don tsoro.

Wata safiya yana zuwa biro ya tarar da wani tsoho a gindin dogon yaron ƙofa, da sanda da ƙura har gwiwa. Tsohon ya miƙe ya yi sallama.

"Malam, nan aka rubuta garin da za a kai ma ruwa?"

"Nan ne, baba. Daga wane gari?"

"Gidan Rabo."

Mumuni ya saki fuska, don yana son ba da labari mai daɗi. "To ku sai godiyar Allah. Mai garinku ya kira jiya, ya ce rijiyarku ko girgiza ba ta yi ba."

"Gaskiya ya hwaɗi, ta Gidan Rabo ba ta ƙahewa," in ji tsohon. "Amma mu muna can garin gona, arewa. Garin Attahiru aka ce mishi, ni ne Attahirun. In ka tashi da asuba da jaki, sai rana ta hwaɗi ka ga Gidan Rabo. Jakan ma sun ƙare."

Mumuni ya daina fara'a. Ya ce, "Kuna da rijiya taku ke nan?"

"Muna da ita, ta koma laka. Ɗana Mutari ke sauka shina ƙara mata zurhi. To siminti ya ƙare tun sama, ƙasa duk rairai ne, bango na zubowa. Na hana shi. Ya ce mani, Baba, tahi Tasawa ka hwaɗa musu, in la'asar ta gobe ta yi ban ga mota ba, sauka za ni yi, ba ni zama in ga ɗiyana suna lasar tulu. Shi ya sa na kwana bisa hanya. An ce mani motar in ta tashi da hantsi, azahar tana can."

"Zauna, baba," Mumuni ya ce. "Bari in duba."

Ya shiga ya rufe ƙofa. Ya tambayi Garin Attahiru ruwa, na'ura ta ce akwai, wadatacce. Ya sa ta ta warware masa makron garuruwan gona ya ga abin da yake rubutawa. Ga shi nan a fili, babu ɓoyo, kamar yadda shi ya tsara: abin da 'ya ba ta da amsarsa, a tambayi uwa. Ba wanda ya taɓa aiko da labarin rijiyar Garin Attahiru, don masu gari ke kira, mai gari kuwa rijiyar ƙofar gidansa yake gani. Sai 'ya ta ari rijiyar uwa ta amsa da ita. Kuma makro in ya yi kuskure, ba sau ɗaya yake yinsa ba. Duk garin gonar da ke cikin na'urar, daga kudu har iyakar Mayahi, da hannu ɗaya aka rubuta shi.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya ga kansa a tsakar biro ba takalmi. Ya ji muryar kapiten a rediyo tana cewa babu garin da aka manta, ya kuma san wanda za a ce ya sa kapiten yin ƙarya a gaban manya. Ya ga mota a ƙofar gidansa, ya ga 'yarsa ƙarama tsaye tana kallo. Bai gama gani ba aka turo ƙofa.

"Mushe, la liste," in ji kapiten.

Takardar tana kan tebur, na'ura ta riga ta fitar da ita kamar kullum. Mumuni ya ɗauka ya miƙa da hannu biyu.

"Akwai sabon abu?"

"Babu, mon capitaine."

Kapiten ya sa hannu ya fita. Ba a jima ba motoci suka tayar, suka fice ɗaya bayan ɗaya ta gaban dogon yaro. Ta taga Mumuni ya ga tsohon ya miƙe yana duban kowace, yana jiran a ce masa ya hau, har ta ƙarshe ta wuce. Ya koma ya zauna.

Gyaran bai ɗauki lokacin shan shayi ba, kuma wannan ya fi komai ci masa rai. Ya cire rijiya daga cikin abin da ake gada. Ya rubuta cewa in an tambayi garin gona ruwa ba shi da labari, kada ya nemi uwa, ya ce bai sani ba. Ya sake kunna tsarin. Allo ya cika da ban sani ba, ban sani ba, layi bayan layi, har ya gaji da saukarwa. Ya zauna yana kallo. Sannan ya ajiye gyaran a ƙarƙashin wani suna, ya mayar da tsohon tsari wurinsa, ya share gumi.

Ya yi ta ƙulla dabara yana kwancewa. Ya ce zai riƙa shigar da garin gona ɗaya kowace rana a hankali, ba wanda zai lura. Ya tuna kapiten yana karanta kowane suna da yatsa. Ya ce zai rubuta wasiƙa ba suna, ya tuna shi kaɗai ke taɓa na'urar. Da azahar mota ɗaya ta dawo ta sake cika za ta fita zagaye na biyu, kuma ya san in ta kama hanyar arewa yanzu, za ta iya isa ana sallar la'asar ko kusa. Ya miƙe, ya kai har bakin ƙofar kapiten. Ya ji yana yi wa wani tsawa a waya. Ya tsaya, ƙafafunsa suka juya da shi da kansu, ya samu kansa a bayi. Da ya fito motar ta tafi inda takarda ta ce.

Aka kira la'asar. Bai fita masallaci ba, ya shimfiɗa kwali a bayan tebur ya yi sallarsa, bai san me ya karanta ba. Tsohon yana nan gindin itace. Da aka tashi aiki Mushe Mumuni, malamin lise, mai mata da 'ya'ya, ya bi ta ƙofar baya inda ake zubar da shara, don kada su haɗa ido.

Zara'u ta ajiye masa tuwo bayan magariba, ta ga bai ko buɗe kwano ba. Ba ta iya lallashi ba, kuma ba ta taɓa yin kamar ta iya ba. Ta zauna gabansa ta ce ya faɗi ko mene ne. Ya faɗa mata, a hankali, yana duban ƙofa.

"Tsohon hwa? Ina shike?"

"Ina jin masallacin ƙofar biro za shi kwana."

"Ka ce mishi mi?"

"Na ce ya zauna in duba."

Ta dube shi. Sannan ta ce, "Mumuni, na san tsoronka, da shi na aure ka, ban taɓa yi maka gori ba. Amma wanga ba naka ba ne kai ɗaya. Mutum na ƙarƙashin ƙasa. Gobe da sahe ko ka shiga wurin sojan nan ka hwaɗa mishi, ko ni in ɗauki mayahina in je in hwaɗa mishi gaban kowa. Ka zaɓa."

Ya san za ta aikata. Ta juye tuwon a wani kwano, ta yafa mayafi, ta kai wa tsohon da kanta.

Da safe ya sa rigarsa mai kauri, don ya ji an ce ɗakin tsaro da sanyin ƙasa. Ya ƙwanƙwasa ƙofar kapiten tun motoci ba su gama shan man gazuwal ba. Ya shirya jawabi da Faransanci, amma da ya buɗe baki Hausa ce ta fito, a hargitse, uwa da 'ya da gado da rijiya. Kapiten ya bar shi ya gama, sannan ya bi shi ɗakin na'ura, ya sa ya nuna masa allon. Ya daɗe yana kallon layukan nan.

"Duka garuruwan gona?"

"Duka, mon capitaine."

"Tun yaushe ka sani?"

Nan ne ya kamata ya ce yanzu da safe, ba mai ƙaryata shi. Amma yin ƙarya ma sai da ƙarfin zuciya, shi kuwa nasa ya ƙare. Ya ce, "Jiya, kahin ka sa hannu."

Kapiten bai ɗaga murya ba. Ya dube shi da jajayen idanun nan, ya ce, "Fita ka shiga mota." Mumuni ya fita yana salati, yana neman motar masu kaki da ido. Sai soja ya nuna masa siterni, cike, an riga an tayar da ita, tsoho Attahiru yana zaune a gaba da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Kapiten ya raba sauran motocin da baki, ya tura babura su zaga garuruwan gona su gano da ido, sannan ya shiga tasa motar ya biyo su a baya.

Hanyar arewa yashi ce tsantsa. Motar na nishi, ruwa na bugun bangon tanki a bayansu. Suka wuce gonaki farare, suka wuce mushen shanu da ba wanda ya kula ya ja gefe. Tsohon sai hira yake, ransa fari. Ya ce matar malam ta kawo masa tuwo mai daɗi, Allah ya yi mata albarka. Ya ce Mutari akwai taurin kai amma akwai jin ƙai, shi ne ya ƙi tafiya Najeriya cin rani don kada ya bar tsofaffi. Ya ce wataƙila ma ya ji maganarsa bai sauka ba, don yaron in ya ga uwarsa ta yi kuka yakan saurara. Mumuni yana cewa in sha Allah, in sha Allah. Duk lokacin da ya dubi madubi sai ya ga motar kapiten.

Wajen azahar suka hango rumbuna da 'yan bukkoki. Direba ya danna oda, kamar yadda ya saba, don ya san abin da ke biyowa: mata da bido na ɗibar ruwa, yara da gudu, ihu. Ba wanda ya taho. Ya sake dannawa. Wata yarinya ta fito daga wani gida ta tsaya tana kallonsu, ba komai a hannunta. Tsohon ya daina magana.

Mutanen garin duk suna bakin rijiya. Maza sun yi layi riƙe da igiya, suna ja suna tafiya da baya, guga na fitowa cike da yashi, a zubar, a mayar. Tulin yashin da ke gefe ya kai ƙirjin mutum. Mata na zaune can nesa kaɗan, sun rufe kawunansu. Attahiru ya sauka tun motar ba ta gama tsayawa ba. Wani dattijo ya saki igiya ya tare shi ya riƙe kafaɗunsa, Mumuni yana jin abin da yake cewa. Jiya Mutari ya jira har aka idar da la'asar, ya hau tudu ya duba hanya, ya dawo ya ɗaura igiya. Bai daɗe da sauka ba bango ya rufta. Sun ji muryarsa har magariba.

Attahiru ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, ya zauna a ƙasa inda yake. Kapiten ya iso ya tsaya, ya ji komai. Ya juyo ya dubi Mumuni, ya daɗe, sannan ya tafi ya sa a buɗe tiyo, ya tura sojansa biyu su karɓi igiya. Ruwa ya fara zuba a duro, mata suka taso a hankali, ba mai ture wani.

Mumuni ya cire takalmansa ya shiga layi, don bai san inda zai sa kansa ba. Igiyar ta kaba ce, jiƙe da gumin mutane, hannunsa na mai riƙe alli, tun ja na farko ta fara cin tafinsa. Can ya ji wani ya kama igiya a bayansa. Tsohon ne, ya tashi ya zo ya ja shi ma.

"Malam," ya ce da shi, murya ƙasa, "kar ka sa ma ranka. Ka yi iya ƙoƙarinka. Na ga yadda ka yini ciki jiya kana nema muna, ko salla ba ka hito ba. In ba don kai ba, da yau ma ba a zo ba. Allah ya saka maka."

Mumuni ya buɗe baki. Kapiten yana tsaye kusa, yana jin su, bai taimake shi da komai ba. Na bakin rijiya ya yi kira a ja, aka ja, guga ya fito da yashi.